Michael Thonet: Kafintan da bashi ya kora daga garinsu, kujerarsa ta zagaye duniya

Idan ka taɓa sayen tebur ko durowa aka miƙo maka a kwali, tare da 'yar leda cike da sukurori, aka ce je ka gida ka haɗa da kanka, to ka ci gajiyar tunanin mutumin da za mu ɗauko yau, ko da ba ka taɓa jin sunansa ba. Sunansa Michael Thonet, ana furta shi Tonet. Kafinta ne Bajamushe, ya mutu fiye da shekara 150 da suka wuce, amma kujerar da ya fitar a 1859 har gobe ana ƙera ta. Ka lura da finafinan Turawa, duk inda aka nuna gidan shan gahawa na da, za ka ga wata siririyar kujera mai zagayayyen mazauni na saƙa, bayanta a lanƙwashe sau biyu kamar baka cikin baka. Ita ce.

Mu Hausawa mukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Thonet ya ƙarar da rayuwarsa yana neman yadda za a tanƙwara katakon da aka riga aka sare aka yanka, ba tare da ya tsage ba. Sai da ya yi shekara fiye da ashirin yana wannan fama, ya yi asarar shagonsa a hanya, kafin ya kai ga abin da yake nema.

An haife shi ranar 2 ga Yuli, 1796, a Boppard, wani ƙaramin gari a bakin Kogin Rhine. A lokacin Faransawa ne ke riƙe da yankin, sai a 1815 ya koma hannun daular Furushiya. Mahaifinsa majemi ne, ba mai kuɗi ba. Yaron bai gaji jima ba, aka kai shi koyon kafinta, kuma a 1819, yana ɗan shekara 23, ya buɗe nasa shagon. Shekara ta zagayo ya auri Anna Grahs. Sun haifi 'ya'ya da yawa, amma cikin mazan biyar ne suka rayu suka girma: Franz, Michael, August, Josef da Jakob. Ku riƙe sunayen nan, domin su ne jarinsa na gaskiya daga baya.

Kafin mu ci gaba, sai mun fahimci matsalar da kafintocin zamaninsa ke fuskanta. A wancan lokacin idan kana son ƙafar kujera mai lanƙwasa, sai ka sami ƙaton katako ka zana siffar a kai, ka yanka da zarto, ka sassaƙe sauran. Rabin katakon ya tafi a ɓawo da dusa. Ga kuma wata illa: katako yana da jijiyoyi da suka miƙe daga gindin bishiya zuwa sama, ƙarfinsa a nan yake. Duk inda zarto ya ratsa jijiyoyin nan domin fitar da lanƙwasa, wurin ya zama mai rauni, nan ne kujera ke karyewa ran da wani mai jiki ya zauna. Shi ya sa kujeru masu kyau suke da kauri, da nauyi, da tsada. Talaka kuwa sai benci.

Wajen 1830 Thonet ya fara gwada wata dabara. Maimakon ya sassaƙa lanƙwasa daga katako mai kauri, sai ya yanka katakon fallaye-fallaye sirara, ya dafa su cikin gam mai zafi, ya jera su kan juna, ya matse su cikin wani mazubi mai siffar da yake so. Idan suka huce suka bushe, sai su zama abu ɗaya mai lanƙwasa, jijiyoyin katakon kuma suna bin lanƙwasar, ba a yanke su ba. Sakamakon shi ne kujera marar nauyi, mai ƙarfi, mai ɗan dawowa idan an danna ta. Zuwa 1836 ya fitar da kujerar da ake kira kujerar Boppard da wannan hanya. Gam ya zama masa kamar fetur ga ɗan acaɓa, har a 1837 ya sayi masana'antar da ke haɗa masa gam ɗin gaba ɗaya, don kada wani ya riƙe masa wuya.

A nan ne ya fara shiga rami. Ya nemi gwamnatin Furushiya ta ba shi takardar mallakar fasaha, wato shaidar cewa dabarar tasa ce, kowa ya kwaikwaya sai ya biya. Aka hana shi. Ya juya neman irin wannan takarda a ƙasashen waje, kuma wannan nema kuɗi yake ci ba kaɗan ba. Kuɗin kuwa na aro ne. Wanda ya taɓa cin bashi ya zuba a wata sana'a da yake ganin gobe za ta fashe, goben ta ƙi zuwa, ya san halin da mutumin nan ya shiga.

A 1841 aka yi baje koli a birnin Koblenz, kusa da garinsu, ya kai kayansa. Cikin waɗanda suka gani har da Yarima Klemens von Metternich, shugaban gwamnatin daular Ostiriya, wanda a lokacin kusan babu ɗan siyasar da ya kai shi ƙarfi a Turai. Shi ma haifaffen Koblenz ne, ka ga ɗan gida ya ga ɗan gida. Kujerun suka burge shi, ya gayyaci Thonet zuwa Viyana, babban birnin daular. A 1842 Thonet ya je, ya nuna kayansa a fada, kuma a watan Yulin shekarar hukumomin Ostiriya suka ba shi takardar da ƙasarsa ta hana shi.

Sai dai a daidai lokacin da ake yaba masa a fada, a gida masu bin bashi sun taso. Aka riƙe kayansa, shagon Boppard ya tafi. Mutum mai shekara 46, da mata da 'ya'ya, ya kwashe iyalinsa ya koma baƙon gari, ga takardar sarki a aljihu amma babu kuɗin buɗe shago. Dole ya koma yi wa wasu aiki. Ni a wurina wannan ne wurin da ya fi taɓa zuciya a tarihinsa: wanda ya yi shekara 23 yana maigidan kansa, ya dawo yana karɓar umarni.

Amma aikin da ya samu ba na banza ba ne. Daga 1843 zuwa 1846 ana gyaran fadar gidan sarautar Liechtenstein da ke Viyana, ƙarƙashin wani Baturen Ingila mai zanen gine-gine, Peter Hubert Desvignes. Thonet da 'ya'yansa suka yi aiki a ƙarƙashin kamfanin Carl Leistler, suka yi daɓen katako mai ado, suka kuma yi wasu kujeru sirara marasa nauyi waɗanda barori za su iya ɗauka da hannu ɗaya su kai duk inda baƙo yake. Wanda ya kalli waɗannan kujerun fada ya kalli wadda ta zo a 1859, zai ga jini ɗaya ne. An cire zinariya da ado ne kawai.

A 1848 juyin juya hali ya tashi a Viyana, Metternich ya sauka ya gudu Ingila. Uban gidan ya tafi, amma zuwa lokacin Thonet ya tsaya da ƙafarsa. A 1849 ya sake buɗe nasa shagon tare da 'ya'yansa, yana da shekara 53. Ba a daɗe ba wata mata mai suna Anna Daum ta ba shi kwangilar kujeru na gidan gahawarta, Café Daum, inda manyan gari ke zama. Wannan kwangila ta fi kowace talla. Gidan gahawa wuri ne da ake jan kujera, a tura ta, a jingina da ita, a kifa ta kan tebur da dare, kullum. Kujerar da ta jure wannan ba ta buƙatar mai yi mata kirari.

A 1851 ya kai kaya babban baje kolin duniya na Landan, wanda aka yi a ginin gilashin nan Crystal Palace, mutum kusan miliyan 6 suka shiga. Ya samo lambar tagulla. A 1853 ya mayar da kamfanin da sunan 'ya'yansa biyar, Gebrüder Thonet, ma'ana 'Yan'uwa Thonet, ko da yake shi ne ya ci gaba da jan ragama har ya mutu. A baje kolin Faris na 1855 suka sami lambar azurfa, odar kaya ta fara shigowa daga ƙasashe masu nisa.

To, a nan ne fa gam ya ci amanarsa. Gam ɗin wancan zamani daga fata da ƙashin dabbobi ake dafa shi, kuma ba ya shiri da laima. Kujerar da ke lafiya lau a Viyana, idan ta sha tafiyar jirgin ruwa ta sauka a ƙasa mai zafi da damshi, sai fallayen su fara buɗewa. Ga shi kuma yanka fallaye da shafa gam da jerawa aiki ne mai cin lokaci da hannu. Dabarar da ta fito da shi ita ce ta zama katangar da ta hana shi gaba. Ya zama dole ya bar gam, ya koma kan tambayar farko: yaya za a lanƙwasa sandar katako guda, ba fallaye ba?

Bari mu ɗan tsaya a nan, domin wannan ne zuciyar labarin. Ɗauki kara ko sandar rake ka lanƙwasa a gwiwarka. Ta ina yake fara tsagewa? Ta bayan lanƙwasar, wato ta waje. Dalili shi ne idan abu ya lanƙwashe, gefen waje yana miƙewa ya ƙara tsawo, gefen ciki kuma yana matsewa ya rage. Katako yana da wata ɗabi'a: idan ya sha tururi mai zafi, sinadarin da ke riƙe jijiyoyinsa yakan yi laushi, sai ya yarda a matse shi sosai. Amma miƙewa, ko ya sha tururi, kaɗan yake yarda kafin ya fashe. Masu ƙera jiragen ruwa da ƙafafun keken doki sun daɗe da sanin tururi, ba Thonet ya fara ba. Abin da ya gagara shi ne lanƙwasa mai tsanani.

Maganin da ya yi amfani da shi, idan ka ji sai ka ce ai wannan ko ni zan iya. Ana sa sandar katako cikin tukunyar tururi mai zafin kusan digiri 100 na tsawon awanni. Da an fito da ita, sai a shimfiɗa mata siririn ƙarfe kamar bel a gefen da zai zama waje, a ɗaure bel ɗin tam a bakin sandar biyu. Sannan ma'aikata su lanƙwasa sandar da bel ɗin tare, su kwantar cikin mazubin ƙarfe, cikin 'yan mintoci kafin ta huce. Ƙarfen ba ya miƙewa, saboda haka ya hana bayan katakon miƙewa. Tunda waje ba shi da damar ƙara tsawo, duk wahalar sai ta koma ciki, inda katakon ya yarda a matse shi. Babu tsagewa. A kai ɗakin busarwa, idan ya bushe a cire daga mazubi, ya riƙe siffar har abada. A 1856 aka ba kamfanin takardar mallakar wannan hanya.

Daga nan tunaninsa ya bar na kafinta ya koma na mai masana'anta. Itacen da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne bic, wani itacen ƙasashen sanyi mai miƙaƙƙun jijiyoyi. Maimakon ya riƙa jigilar gungume zuwa Viyana, sai ya kai masana'antar bakin dajin. A 1856 aka fara gina ta a Koryčany, wani ƙauye a yankin Morabiya, cikin Jamhuriyar Cek ta yau, aka fara aiki a 1857. Da yawa daga injinan shi da 'ya'yansa suka tsara su. Ya kuma yanka aikin gunduwa-gunduwa: wani yanka kawai yake yi, wani tururi, wani lanƙwasa, wani gogewa, wani fenti. Wannan fa sama da shekara hamsin ke nan kafin Henry Ford ya kafa layin haɗa motocinsa a 1913.

Sai 1859, yana da shekara 63, kujera mai lamba 14 ta fito. Ko suna ba a sa mata ba, lamba ce kawai a littafin hotunan kayan kamfanin. Yadda aka san ta, katako shida ne, sukuru goma, noti biyu. Sanda ɗaya doguwa ta tashi daga ƙasa a matsayin ƙafar baya, ta lanƙwaso ta zama abin jingina, ta sauka ta zama ɗaya ƙafar bayan. Ƙaramin baka a cikinta. Zobe ɗaya na mazauni, ƙafafun gaba biyu, da wani zoben a ƙasa da ke riƙe ƙafafun kada su baje. Shi ke nan. Kuɗinta gulden 3, farashin da mai ƙaramin gidan abinci zai iya sayen dozin-dozin.

Abin da nake so masu sha'awar zane da ƙirƙira su lura da shi: kusan babu wani abu a jikin kujerar nan da aka sa don kwalliya kawai. Mazaunin zagaye ne saboda sanda ɗaya ake naɗewa a haɗa bakinta, maimakon katako huɗu da kusurwa huɗu. Babu sassaƙa saboda sassaƙa sai gwani, kuma gwani ba ya sauri. An yi amfani da sukuru maimakon gam saboda darasin da laima ta koya masa, kuma idan ta yi sako-sako sai mai ita ya ɗaure abarsa. Tukunyar tururi da bel ɗin ƙarfe su suka yanke yadda kujerar za ta kasance, shi kuma ya yi wayon da bai yi musu gardama ba. Kyan da ake yaba mata ya biyo baya ne.

Haka abin yake har yau, in ka duba. Kujerar robar da ake jerawa a wurin biki, ƙafafunta a ɗan buɗe suke kuma cikinsu rami ne, saboda ta fita daga mazubin da aka zuba narkakkiyar roba cikin sauƙi, kuma a iya ɗora wata kan wata. Wayar da kake karanta wannan rubutu a kai, faɗinta da sirantarta sun biyo abin da gilashi da batir suka yarda da shi ne. Mai zane yana da ra'ayi, amma injin da zai ƙera abin ma yana da nasa.

Sukurorin nan sun kawo wata riba da ta fi kowacce. Tunda ba a manne kujerar ba, ba sai an haɗa ta a masana'anta ba. Akwati mai mita ɗaya a tsawo, ɗaya a faɗi, ɗaya a tsayi, yana ɗaukar kujeru 36 a warwatse. Haɗaɗɗu kuwa kaɗan ne za su shiga, sauran wurin duk iska ce, kuma mai jirgi kuɗin wuri yake karɓa. Sai a tura su a jirgin ƙasa da na ruwa, a haɗa su can inda za a sayar. Kamfanin IKEA da ya yi suna da kayan kwali sai a shekarun 1950 ya fara nasa, kusan shekara ɗari bayan haka. An ƙiyasta cewa zuwa 1930 an sayar da lamba 14 kusan miliyan 50.

Yanzu sai mu faɗi ɗaya gefen, don kada a ce mun zo yabo ne kawai. Ba daji kaɗai ya kai Thonet ƙauyukan Morabiya ba, har da arhar ma'aikata. Tsarin da ya yanka aiki gunduwa-gunduwa yana nufin ba ya buƙatar ƙwararren kafinta mai shekaru yana koyo, ɗan ƙauye da aka nuna wa abu ɗaya ya isa. Maza ke aikin tururi da lanƙwasa, aiki mai zafi da ƙarfi. Gogewa da saƙar mazauni kuwa mata ne da yara, da yawa a gidajensu, ana biyansu gwargwadon abin da suka saƙa. Arhar kujerar nan wani ne ya biya ta da yatsunsa. Kuma mutumin da ya fito daga cikin masu sana'ar hannu shi ne ya gina tsarin da ya rage wa masu sana'ar hannu kasuwa. Duk telan da ya ga yadda kayan kanti suka cika kasuwa zai gane abin da ƙananan kafintocin lokacin suka ji.

Kasuwa ta ci gaba da buɗewa. A 1860 suka fitar da kujerar lilo ta lanƙwasasshen katako. A 1861 suka buɗe masana'anta ta biyu a Bystřice pod Hostýnem, wasu suka biyo baya. A baje kolin Faris na 1867 suka ɗauki lambar zinariya. Sai a 1869 takardar mallakar ta daina aiki, kofa ta buɗe wa kowa. Kamfanin Jacob & Josef Kohn ya zama babban abokin hamayya, gomman wasu suka shigo, wasu ma har lambobin kayan Thonet suke kwafa. Abin da ya rage wa 'yan'uwan shi ne buga sunansu a ƙarƙashin mazaunin kowace kujera, don mai saye ya bambance ta asali da jabu.

Michael Thonet ya mutu a Viyana ranar 3 ga Maris, 1871, yana da shekara 74. 'Ya'yan suka ci gaba, August ne ya fi gadon hannun uban a wajen fasaha da sabbin samfura. A 1889 suka buɗe masana'anta a Frankenberg, wato sunan ya koma Jamus shekara 47 bayan bashi ya fitar da shi.

Akwai wani abu da ya faru bayan mutuwarsa da nake ganin da zai so ya gani. A 1925 shahararren mai zanen gine-gine Le Corbusier ya sa kujerun Thonet a ɗakin da ya nuna a baje kolin Faris a matsayin gidan zamani, alhali samfurin tsoho ne. A shekarar dai wani matashi, Marcel Breuer, a makarantar zane ta Bauhaus, ya kalli yadda aka lanƙwasa ƙarfen kan kekensa, ya ce me zai hana a yi kujera da irin wannan bututu. Sabon abu ya zo, bututun ƙarfe, ya kawo sabuwar siffa. Zuwa wajen 1930 kamfanin Thonet ne ke ƙera kujerun ƙarfen Breuer da na Mart Stam da na Mies van der Rohe.

Yaƙin Duniya na Biyu ya raba gidan. Masana'antun da ke gabashin Turai gwamnatoci suka karɓe, ta Frankenberg bam ya rushe ta, zuriyarsa suka sake gina ta. Ta Bystřice tana nan tana aiki da sunan TON, ta Frankenberg tana aiki da sunan Thonet, inda lamba 14 ta koma lamba 214. Kujerar da aka yi don mai ƙaramin ƙarfi, yau ta asalinta ɗaruruwan Yuro ce, sai mai hali. Amma in ka nemi bidiyon yadda ake yin ta a YouTube, za ka ga har yanzu mutane ne ke zaro sanda daga tukunyar tururi, su ɗaura mata bel ɗin ƙarfe, su murɗa ta cikin mazubi da hannu kafin ta huce.